Neman shawara: wan mijina zai kai ɗana makarantar kwana a Najeriya

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi makarantar kwana ko suke da yara a ciki. Muna zaune a Makka, wajen Shara Mansur. Ɗana na fari shekararsa 12, a nan aka haife shi, bana yake gama aji shida na ibtida'i, wato firamare. Wan mijina da ke Kaduna ya ce a ba shi yaron ya sa shi a wata makarantar kwana ta kuɗi, irin wadda 'ya'yan manya suke yi, kuma shi zai ɗauki nauyin komai har ya gama sakandare. Maigidana ya riga ya amsa, don riyal 400 ɗin da baƙo yake biya wa gwamnati a wata a kan kowane mutum ɗaya cikin iyalinsa ya yi mana nauyi, ga ƙannensa. Ni kuwa tun da aka yi maganar barci ya ƙaurace min. Yaron nan Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta cikin gida ce, Turanci kuma sai a hankali. Bai taɓa kwana nesa da ni ba, ko bokiti bai taɓa ɗauka ya ɗebo ruwa ba. Me yaro yake yi a can daga asuba zuwa dare? Me suke ci? Da gaske ne manyan ɗalibai suna gallaza wa ƙanana? In yarda, ko in roƙi a jinkirta?

Tsohon ɗalibin Barewa, daga Jidda:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, bari in ba ki labarin wuni guda, don tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ƙararrawa ce take tashin yara tun kafin asuba. Sallah, sannan kowa ya nufi yankin da aka yanka masa na shara, sannan layin wanka da bokitinsa. A sha koko ko shayi da burodi, a yi asambuli, a shiga aji har bayan azahar. A ci abinci, a ɗan kishingiɗa, bayan la'asar a fita filin wasa. Da dare akwai firef, wato kowa ya koma aji ya yi bitar karatunsa shiru, babu malami sai shugabannin ɗalibai, sannan a kashe fitila. Ranar Asabar wanki da guga, a gyara gado tsaf malamai su zo su duba. Abinci kuwa tuwo ne da miyar kuka, shinkafa da wake, wani lokaci doya. Ba irin abincin Saudiyya ba ne, ba kabsa, kuma ba tamis da ful da safe. Shi ya sa akwatin kowane yaro ba ya rasa garin kwaki, suga, madara, ƙuli-ƙuli da yaji.

Kowane ɗalibi yana da gidansa, a wajenmu akwai su gidan Lugard, Dan Hausa da Nagwamatse, kuma yaro kan riƙi gidan nan kamar danginsa, musamman lokacin gasar wasanni. Makarantarmu a Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna, daga baya Zariya. Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa, duk ta nan suka bi. Abokan da na yi a ɗakin kwana har yau su nake kira in abu ya taso. Ni dai na ce ki bari ya tafi.

Wata uwa daga Madina:

'Yar uwa, Alhaji ya faɗa miki daɗin, bari ni in faɗa miki ɗacin. Nawa ma haka aka yi, aka kai shi wata makaranta mai tsada, gini kamar otal. Kuɗi yana gyara gado da abinci, amma bai hana siniyoyi halinsu ba. Shi ke wanke wa wani ƙato kaya, shi ke ɗebo masa ruwa, in an kai masa kayan tsaraba kafin dare an raba. Bai taɓa faɗa ba, don wanda ya kai ƙara shi ake tsangwama. Da ya zo hutu na ga yana ɓoye burodi a ƙarƙashin filo, a gidan ubansa, firij cike da abinci. A nan na gane.

Sai kuma zazzaɓin cizon sauro. Yaran da suka tashi a nan jikinsu bai saba da shi ba, in ya kama su yana yi musu mugun kamu fiye da 'yan can. Ki tambaya ko akwai nas da ke kwana a makarantar, da nisan asibiti, kuma gidan sauro ya zama abu na farko a akwatinsa. Ga hunturu: yaron da ya saba da zafin Makka zai yi wanka da ruwan sanyi da asuba a watan Janairu. Ban ce ki ƙi ba, amma shekara 12 ta yi kaɗan ga wanda ba ya iya kare kansa da baki.

Baba ɗan Maiurno, daga Jidda:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya raya zuri'a. Ni a Sudan na yi tawa makarantar kwanan, a sakandaren Hantub, wadda aka buɗe a 1946 a tsallaken kogi daga Wad Madani. A zamaninmu ita da Wadi Sayyidna da Khor Taggat su ne makarantun da kowane uba yake fata. Tsohon shugaban Sudan Numairi da malamin nan ɗan siyasa Turabi duk a Hantub suka yi. Na je ina ɗan ƙauyen Hausawa, Larabcina da karin harshenmu, aka yi ta dariya ana kwaikwayona. Ful da adas muka yi ta ci har suka ginshe mu. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani malami da ya lura ba na magana a wajen cin abinci, ya riƙa kirana ofishinsa yana ba ni littattafai. Don haka kada gini ya ruɗe ki. Ki sa kawun yaron ya je ya zauna da malamin da ke kula da gidan kwanan, ya ga ko a cikin makarantar yake kwana, yara nawa ne a hannunsa, kuma ya san sunayensu ko kuwa sai ya duba takarda. Sannan kada ki yi jayayya da mijinki ko wansa a kan wannan, alheri suka nufa. Ki roƙa da ladabi, za su saurare ki.

Wani direba daga Makka:

Hajiya a kula da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya. In yaro ya fita da bizar fita da dawowa, wa'adin ya ƙare yana can ba a ƙara ba, dawowarsa ta zama aiki. In kuma kuna son igamar ta ci gaba da rai, to riyal 400 ɗin nan yana nan, ba ku huta ba. Maigida ya zauna ya yi lissafi tun yanzu. Takardar sakamakonsa ma a buga mata hatimi a nan kafin ya tafi, a leƙa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, a kuma yi masa lambar NIN, don ba a rubuta JAMB sai da ita.

Wata malama daga Riyad:

Babu wanda ya taɓo tsaro. Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, Yawuri a Yunin shekarar, duk makarantu ne aka shiga aka kwashi ɗalibai. A cikin gari take ko a bayan gari? Da katanga da masu gadi? Wace hanya ake bi a kai yara in an dawo daga hutu? Ki samu amsar waɗannan kafin zancen abinci.

Wani matashi haifaffen Makka:

Umma, ni abin nan ya faru da ni, shekarata 13 aka kai ni. Aikin wahala ba shi ne ya fi ci min rai ba, wannan cikin zango ɗaya na saba. Abin da ya karya ni shi ne aji. A nan ina cikin na gaba-gaba, a can malami yana bayanin lissafin da na riga na sani, amma da Turanci, na kasa ɗaga hannu. Aka sa min suna Balarabe, in na yi Hausa a yi dariya, in na yi Turanci a yi dariya. Abin da ya ɗaga ni ƙira'a ce: ranar da aka ce in ja sallar magariba, daga nan siniyoyi suka fara sassauta min.

Shawarata, ki roƙi kawu ya riƙe shi a gidansa shekara ɗaya yana jeka-ka-dawo, da malamin Turanci da yamma. Ya saba da sauro, da tuwo, da Hausar tsararsa, sannan ya shiga kwana. Kafin nan ki sakar masa wankinsa da gugarsa tun yau, ko kina jin tausayi. Kuma ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi ra'ayinsa. Ni ba wanda ya tambaye ni, sai ganin akwati na yi an ɗaure.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka, na yi wa maigidan bayani a natse, ya ce zai kira wansa ranar Juma'a a kan batun shekara ɗaya a gida. Na kuma tambayi yaron. Ya ce yana son zuwa saboda ƙwallo, amma yana tsoron a yi masa dariyar Hausarsa, ya kuma ce in tambaya ko ana barin yaro ya kira gida. To don Allah masu yara a can, ana barinsu da waya, ko sai ta hannun malamin gida, kuma sau nawa a wata?