Kare muhalli da aljihun ɗalibi: me kuka gwada ya zauna?

Sabuwar Ɗaliba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bana na shiga jami'a, kuma sharar da ke taruwa a bayan ɗakunan kwananmu tana damuna, leda da robobi ta ko'ina. Na leƙa intanet in ga abin da zan iya yi, sai na tarar kusan duk shawarar ta saye ce: sayi gorar ƙarfe, sayi jakar auduga, sayi burushin katako, sayi sabulu kaza. Ni kuwa abin da ake turo min daga gida da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata. Yayyena da kuka riga mu shiga, me kuka yi da hannunku wanda ya ɗore? Ba wanda kuka karanta kawai ba.

Mai Karatun Lantarki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da duk abin da ke yin zafi. Hita, butar lantarki, dutsen guga, rishon lantarki, su ne masu shan wuta a ɗakin ɗalibi, sauran kusan 'yan rakiya ne.

Akwai wani abokin zamana da kullum yake bin soket-soket yana zare caja yana mana faɗa, amma shi ne mai cika buta taf don kofi ɗaya na ruwan zafi. Rannan na zaunar da shi muka yi lissafi a bayan takarda. Cajar waya ta zamani idan tana jone babu waya a jikinta, abin da take ja bai kai rabin wat ba, ko ta shekara a soket ba za ta wuce yunit 4 da 'yan kai ba. Tafasa lita 1 na ruwa kuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. To idan kullum ka tafasa lita ɗaya da rabi da ba ka buƙata, kafin wata ya cika ka ƙone abin da cajar za ta ci a shekara. Ya yi shiru yana kallon takardar. Washegari sai ga shi yana auna ruwa da kofinsa kafin ya zuba a buta, cajar ma bai daina zarewa ba, kuma ban hana shi ba.

Yanzu da safe muke tafasa ruwa sau ɗaya mu juye a filas, ya kai mu dare. Guga kuma tarawa muke yi mu goge gaba ɗaya, kaya marasa nauyi mu bar su ƙarshe bayan an kashe dutsen, zafin da ya rage ya ishe su. Sai kwan fitila. Tsohon kwai mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne, domin tsohon kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Ki taɓa shi bayan minti goma ki ji. Idan fitila tana kunne awa 5 kullum, bambancin ya haura yunit 90 a shekara a kan kwai ɗaya tak.

Ɗan Bene Na Uku:
Injiniya, lissafinka ya yi, amma mu da ke ɗakunan makaranta ba mu biyan kuɗin wuta. Wa zai wahalar da kansa?

Mai Karatun Lantarki:
Kuna biya, ɗan'uwa, a cikin kuɗin ɗaki yake. Kuma duk daren da wutar benenku ta ɗauke ana tsakiyar karatun jarrabawa, je ka duba, za ka tarar ɗakuna da yawa ne suka jona hita a lokaci guda wayar ta kasa ɗauka.

Uwar Tukunya:
Ni ta wajen girki zan zo. Mu huɗu ne a ɗaki, da can kowa da tukunyarta, risho huɗu na ci a lokaci guda, kuma kowa sai ta rage abinci ta zubar, don girkin mutum ɗaya ba ya aunuwa. Da muka haɗa tukunya muka raba kwanaki, gas ɗin da ke ƙarewa tun ba a je ko'ina ba ya koma yana kai mu nesa, kwandon shara ya daina wari. Ba zan ɓoye miki ba, haɗa tukunya sai da haƙuri. Akwai mai son gishiri ya fito, akwai wadda ranar girkinta ce take tuna tana da lacca har yamma. Mun rubuta tsarin a takarda mun manna a bayan ƙofa, rigima ta ragu.

Dabarar da na fi so ita ce wadda na koya wajen wata 'yar ajinmu. Abin da ke daɗewa a wuta, sai ki jiƙa shi tun dare. Da safe ki ɗora, ya tafasa sosai na ɗan lokaci da murfi a rufe, ki sauke, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ko tawul mai kauri, ki cusa ta cikin kwali ki tafi lacca. Kafin ki dawo zafin da ke ciki ya ƙarasa dahuwar, kuma ba ya kamawa a gindi. Sharaɗin kawai ki tarar da shi da zafinsa; idan ya huce, ki sake tafasa shi sosai kafin a ci. Dafaffen abinci kuma, da zarar ya fara hucewa, kada ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki ba a wuta ba, ba a firji ba. Kare muhalli bai kai a kwana a asibiti ba.

Kada ki raina zubar da abinci. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Idan ya ruɓe a binne cikin juji, iskar metan yake fitarwa, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Sabuwar Ɗaliba:
Yaya, wannan ta bargon yau na fara jin ta. Jakar auduga fa? Ita na so in fara saya.

'Yar Kimiyyar Muhalli:
Ajiye kuɗinki ƙanwata. Hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike a 2011 da ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, idan aka kwatanta da leda ɗaya da aka yi amfani da ita sau ɗaya aka yar. Noman auduga da saƙa ta suna cin ruwa da makamashi sosai. Na san wadda ke da irin jakunkunan nan cike da akwati, duk na kyauta daga taruka, kuma idan za ta sayayya ba ta tuna ko ɗaya. Jakar da kike zuwa lacca da ita ta wadatar. Ni leda biyu masu kauri nake ninkewa a aljihun jakata, idan sun yi datti in wanke in shanya, sai sun yage nake rabuwa da su. Mai shago ya miƙo sabuwa, in ce ya bar ta.

Gorar ruwa ce kaɗai zan ce ki saya, ita ma ba lallai ta ƙarfe ba. Mai ƙwari, mai faɗin baki yadda za ki iya wanke cikinta. Siraran robobin da ake sayar da ruwa a ciki suna karcewa, bakinsu ƙarami, datti yana maƙalewa inda hannu ba ya kaiwa.

Mai Shakka:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Mu ma mun taɓa wannan zumuɗin. Muka samo kwanduna, na roba daban, na takarda daban, na ragowar abinci daban, har da rubutu a jiki. Wata safiya ina tsaye a baranda motar shara ta zo, ina kallo aka juye duka a ciki guda. Tun ranar jikina ya yi sanyi. Kuma a duniya baki ɗaya kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Kamfanoni na ta ƙera ta dare da rana, sai ɗalibin da bai ci ya ƙoshi ba za a ɗora wa laifi?

'Yar Kimiyyar Muhalli:
Malam, ba ka faɗi ƙarya ba, kuma wannan kashi 9 ɗin shi ya sa nake cewa rage shigowar robar ɗaki ya fi ware ta bayan ta shigo. Kwandunanku sun mutu ne don ba ku fara neman wanda zai karɓa ba. Mu sai da muka samu mai sayen gwangwani da robobi da kwali, muka ji abin da yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka, sannan muka ware su kaɗai. Abin da yake ba mu ba yawa, yana dai saya mana tsintsiya da sabulun wanke banɗaki. Roƙona ɗaya ga kowa: kada haushi ya sa a cinna wa tarin shara wuta a bayan ɗaki. Hayaƙin roba yana ɗauke da guba, kuma tagoginku zai fara shiga.

Mai Shakka:
Na ji. Amma maganar kamfanoni tana nan.

'Yar Kimiyyar Muhalli:
Tana nan daram, ban ce ta tashi ba.

Tsohuwar Waya:
Ana min dariya a aji saboda wayata, tun kafin in shiga jami'a nake riƙe da ita. Da batirin ya fara mutuwa kafin azahar, abokai suka ce lokacin sabuwa ya yi. Na kai wa mai gyara ya sa sabon batir, na goge tarkacen da ke ciki, ta dawo hayyacinta. Mafi yawan hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta, wajen kashi 80 cikin 100, tun a ƙera ta yake fita, wato haƙo ma'adinai da aikin masana'anta, kafin ma ka kunna ta. Cajin da kake yi kullum ɗan kaɗan ne a lissafin. Don haka ƙara mata shekara ɗaya a hannunka ya fi duk wani tsumulmular caji.

Abin da ke kashe batir da wuri zafi ne. Kada a yi caji a ƙarƙashin filo, kada a bar ta a rana, kada a riƙa barinta tana mutuwa murus. Haka kwamfutar cinya, a daina ɗora ta kan katifa tana toshe mata hanyar iska. Ni a kan faffaɗan littafi nake ɗora tawa. Idan batir ya kumbura kuwa, a daina amfani da shi nan take, kuma kada a jefa shi kwandon shara don yana iya kamawa da wuta, a kai wa masu gyara ko wurin da ake karɓar irinsa. A 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ɗan Laburare:
Takardu: kafin ka yi fotokwafi, tambayi 'yan ajin gaba, yawancinsu suna neman inda za su kai nasu. Har da 'yan bayanan da suka rubuta a gefe za ka gada, wani lokaci sun fi darasin kansa amfani. Ga masu kimiyya da lissafi da tattalin arziki, akwai littattafan OpenStax na Jami'ar Rice da ke Amurka, kyauta ne a intanet kuma halal, ba na sata ba. Ni dai karatu a sikirin ba ya zama a kaina, sai na ja layi da biro. Don haka ina bugawa, amma gaba da baya, shafi biyu a kowace fuska, kuma babin da zan karanta kaɗai.

Mai Allura:
Gwanjo, allura da zare, da igiyar shanya. Rigar auduga ɗaya ana ƙiyasta tana cin ruwa lita 2,700 daga gona zuwa shago, ballewar maɓalli bai isa ya sa a yar da ita ba. Wanki da ruwan sanyi ya isa ga yawancin kaya, launinsu ma ya fi daɗewa.

Mai Shirin Fita:
Biyu zan ƙara. Famfon banɗakinmu ya daɗe yana ɗiga, kowa ya wuce ya ce ba aikinsa ba ne. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa yana haura lita 11,000 a shekara. Na kai ƙara ofishin da abin ya shafa, shiru, na koma, shiru, sai da muka je mu da yawa da hoton bokitin da ya cika cikin dare sannan aka turo mai gyara. 'Yar robar cikin kan famfon ce ta cinye, bai yi minti goma ba ya canza ta. Kafin ya zo, bokitin muke tarawa muna wanke banɗaki da ruwan.

Na biyun ya fi girma. Ku lura da bayan ɗakunan kwana a makon da 'yan ajin ƙarshe ke tafiya: bokitai, tukwane, fanka mai aiki, labule, katifa, littattafai, duk a jibge, ruwa ya dake su su lalace. Bayan 'yan makonni sababbin ɗalibai su zo su sayi irinsu sababbi fil. Bara muka nemi izinin wani ɗakin ajiya, muka bi ɗaki-ɗaki muna cewa duk abin da ba za ka tafi da shi ba kawo. Muka wanke, muka rubuta a littafi, da aka dawo hutu muka baje a tebur, mai buƙata ya ɗauka. Tukwane da bokitai ne suka fara ƙarewa. Katifa ce ta ba mu wahala, saboda kuɗin cizo. Wadda muka ga alamarsu a ɗinkinta ba mu karɓa ba, sauran kuma sai da suka sha rana sosai. Kayan wuta ma sai da wani mai karatun lantarki ya gwada kowanne kafin mu bayar.

Wanda zai yi irin wannan a makarantarsu, ya nemi makullin ɗakin ajiyar tun kafin a fara jarrabawar ƙarshe, ya kuma samu mutum biyu da za su kwana biyu bayan an tashi. Ranar da aka ajiye biro kowa jakarsa yake ɗaurewa, ba mai tsayawa ya saurare ka.