Shin waƙar neman gyara ta mutu ne?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Jiya na bi ta gaban gidan rawar New Afrika Shrine a Ikeja, sai na tuna Fela Kuti. Me ya sa mawaƙan yanzu ba sa tunkarar masu mulki kamar yadda ya yi?

Dattijon Obalende:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka manta da abin da tunkarar ta jawo masa. Bayan waƙarsa ta Zombie, wadda ta kwatanta sojoji da gawarwakin da ke bin umarni ba tunani, a shekarar 1977 sojoji sun ƙona gidansa na Kalakuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga tagar bene, ta rasu a 1978. Mawaƙin da ke jiran gayyatar gwamna a wajen biki ba zai ɗauki wannan kasada ba.

Malamar Idi-Araba:
Baba, ina ganin ba a daina ba. Eedris Abdulkareem, wanda aka haifa a Kano, ya fitar da waƙar Jaga Jaga a 2004 har Shugaba Obasanjo ya fusata, sannan a 2018 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana gidajen rediyo sanya waƙar Falz mai suna This Is Nigeria, amma matasa suka ci gaba da saurarenta ta intanet.

Ɗan Agege:
Na gode, Malama. Mu ma a arewa mun yi mawaƙan tsohuwar jam'iyyar adawa ta NEPU irin su Mudi Sipikin, sai dai yaranmu na nan Legas ba su san su ba.