Me ya sa ƙamshi ke tono abin da aka daɗe da mantawa, kuma me ke samun wanda hancinsa ya daina ji?

Bilkisu:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya mai rassa biyu, ina kuma fatan masu ilimin lafiya a cikinku za su taimaka mini. Mahaifiyata, wadda ta haura shekara sittin, ta yi wata mura mai tsanani a watannin baya. Murar ta warke, amma jin ƙamshi da wari bai dawo mata ba. Tun daga lokacin muka ga ta sauya: abinci ba ya yi mata daɗi, ta rage hira, kuma abin da ya fi ci mata rai, a faɗarta, shi ne idan ta rungumi jikanta ba ta jin ƙamshin nan na jarirai a kansa, sai ta ji kamar an sa shamaki tsakaninta da shi. Wasu daga cikin dangi suna ganin abin bai kai a tayar da hankali ba, tunda ido da kunne lafiya lau. Shin rashin jin ƙamshi kaɗai zai iya jefa mutum cikin wannan hali, ko kuwa mu nemi dalilin a wani wuri?

Reshe na biyu kuma shi ne, me ya sa mutum kan shaƙi wani ƙamshi, nan take wani ɗaki ko wata fuska ta shekaru aru-aru ta faɗo masa a rai, tun kafin ya gane ƙamshin mene ne?

Malam Nuhu:

Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Allah ya ba Mama lafiya. Zan ɗauki reshe na biyu, in bar na farko ga likitoci.

A can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili mai ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin jijiya, waɗanda aikinsu shi ne kama sinadaran da iska ta ɗauko. A shekarar 1991 ne Linda Buck da Richard Axel, a Jami'ar Columbia da ke Amurka, suka gano dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera 'yan makarɓan da ke kama waɗannan sinadarai, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da kimanin iri 400 na waɗannan makarɓa, ɓera kuwa yana da fiye da 1,000. Kowane ƙamshi yana taɓa da dama daga cikinsu a lokaci guda, ƙwaƙwalwa kuma haɗuwarsu take karantawa, kamar yadda haruffa 'yan kaɗan ke haɗuwa su ba da kalmomin da ba su ƙidayuwa.

Amsar tambayarki tana cikin hanyar da saƙon yake bi. Abin da ido ya gani ko kunne ya ji sai ya fara yada zango a wani sashe da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira talamus, kafin a miƙa shi gaba. Saƙon hanci ba ya jiran wannan zango. Jijiyoyinsa suna ratsa wani siririn ƙashi mai ƙananan huji, su shiga wani kullutu da ke ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa, daga nan saƙon ya zarce zuwa amigdala, wadda ke da hannu a tsoro da sauran motsin rai, da kuma yankin da ke bakin hifokamfus, inda ake adana abubuwan da suka faru da mutum. Wannan kusanci ne masana da yawa ke kafa hujja da shi wajen bayyana dalilin da ya sa zuciya ke motsawa tun baki bai samo sunan abin da aka shaƙa ba.

Akwai wani abin lura kuma game da shekarun da ƙamshi ke mayar da mutum. A 2006 Johan Willander da Maria Larsson, a Jami'ar Stockholm da ke Suwidin, sun gwada dattawa da kalmomi da hotuna da ƙamshi, suka nemi kowa ya faɗi abin da ya tuna. Kalmomi da hotuna sun fi mayar da su shekarun samartaka, ƙamshi kuwa ya fi mayar da su shekaru goma na farkon rayuwa. Bayanin da ya fi kwanta mini a rai shi ne, ƙamshi yana ɗaurewa da yanayin da aka fara haɗuwa da shi, kuma wannan ɗauri na farko yana da wuyar kwancewa. Ga shi kuma wasu ƙamshin ba a cin karo da su kullum, saboda haka ba sa samun sababbin abubuwan da za su danne na dā.

Sai dai in ja hankali a kan abu ɗaya. Rachel Herz, wadda ta daɗe tana bincike a wannan fanni a Jami'ar Brown, ta nuna cewa abin da ƙamshi ya tono ya fi taɓa zuciya, ya fi sa mutum ya ji kamar ya koma wurin, amma bai fi abin da hoto ko kalma ta tono zama daidai ba. Mutum kan rantse cewa haka abin ya faru saboda ƙarfin abin da ya ji a ransa, alhali ƙarfin ji daban, ingancin labari daban.

Aminu:

Malam Nuhu, bayaninka ya gamsar, amma yana iya sa mai karatu ya ɗauka cewa duk son ƙamshi ko ƙin wari koyonsa aka yi, ni kuwa ban yarda da haka gaba ɗaya ba. Ka duba ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka a kan busasshen wuri. Wani sinadari ne mai suna jiyosmin ke da babban kaso a cikinsa, wasu ƙananan halittu da ke zaune a cikin ƙasa ne ke samar da shi, kuma hancin mutum yana gane shi ko da 'yan ɗigo ne a cikin tiriliyan. Da wuya ka ga wanda iskar nan ta buga bai ɗaga kai ya ja numfashi ba. Haka kuma a 2022 an wallafa wani bincike da aka yi a tsakanin al'ummomi daban-daban, har da mafarauta da manoma da mazauna birane, aka tarar cewa jerin abin da suka kira mai daɗi da mara daɗi ya yi kama ƙwarai. Bambancin al'ada kaɗan ne ya yi tasiri. Abin da ya fi rinjaye shi ne zaɓin mutum na kansa da kuma yanayin sinadarin.

Malam Nuhu:

Gaskiya ne, Malam Aminu, akwai tushen da aka haife mu da shi, musamman ƙyamar warin ruɓa. Abin da nake nufi shi ne ma'anar da ake ɗora wa ƙamshi daga baya. Warin maganin da ake goge ɗakunan asibiti da shi yana kwantar da hankalin wadda ta haihu lafiya a can, yana kuma tsinka zuciyar wanda ya rasa ɗan'uwansa a irin wannan ɗaki. An ma gwada ba mutane sinadari ɗaya su shinshina, sau ɗaya a ce musu wani abinci ne, sau ɗaya a ce musu warin jiki ne, sai suka ba da hukunci biyu mabambanta a kan abu guda. Jiyosmin ɗin da ka ambata ma, idan ya shiga ruwan sha, ƙorafi mutane suke yi cewa ruwan yana warin laka.

Dakta Hadiza:

Malama Bilkisu, ina aiki a ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, kuma abin da kika bayyana ba baƙo ba ne a wurinmu. Amsar tambayarki ta farko ita ce eh, zai iya. Bincike da dama ya nuna cewa alamomin ciwon damuwa sun fi yawa a tsakanin waɗanda suka rasa jin ƙamshi, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne idan aka zauna aka saurari majinyacin.

Na farko shi ne abinci. Harshe yana gane zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da kuma ɗanɗanon nan na romo, iyakarsa ke nan. Sauran abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne da ke tashi daga baki, ya bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci yayin da ake tauna. Wanda ya rasa wannan yakan ce komai ya zama lami, sai ya rage ci ya rame, ko kuma ya riƙa zuba gishiri da sukari fiye da kima don ya ji wani abu, wanda hatsari ne ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Na biyu shi ne fargabar da ba a cika faɗa ba: mutum ba ya jin warin jikinsa ko na tufafinsa, sai ya fara zargin kansa, ya janye daga shiga mutane. Na uku shi ne wanda Mama ta faɗa da bakinta. Ƙamshin mutanen da muke ƙauna wani ɓangare ne na kusancinmu da su, kuma tun a shekarun 1970 aka nuna cewa jariri ɗan kwanaki yana juya kansa zuwa ƙyallen da ke ɗauke da ƙamshin nonon mahaifiyarsa, ya bar na wata. Saboda haka dangin da ke cewa ido da kunne lafiya lau ba su auna girman abin da ta rasa ba.

Labari mai daɗi shi ne, ƙwayoyin jijiyar hanci suna cikin 'yan tsirarun jijiyoyin da ke sabuntawa tsawon rayuwa. Annobar korona da ta game duniya a 2020 ta koya mana abubuwa da yawa a kan wannan, domin miliyoyin mutane sun rasa jin ƙamshi a lokaci guda, kuma mafi yawansu ya dawo musu, wasu cikin makonni, wasu bayan watanni masu yawa. A kan hanyar dawowar akan sami lokacin da komai ke rikicewa, abin da aka sani da ƙamshi ya koma ƙauri ko ɗoyi. Idan Mama ta shiga wannan mataki kada ku firgita. Yana da wahalar jurewa, amma sau da yawa alama ce ta cewa jijiyoyin sun fara farfaɗowa.

Akwai kuma abin da za ta iya yi da kanta. A 2009 Thomas Hummel da abokan aikinsa a birnin Dresden na Jamus sun wallafa wata hanya ta horar da hanci: a riƙa shinshina ƙamshi huɗu, wato na furen wardi da ganyen bishiyar yukaliptus da lemon tsami da kanumfari, safe da yamma, har tsawon mako 12. Waɗanda suka yi haka sun fi waɗanda ba su yi ba samun ci gaba, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsawaita lokacin yana ƙara amfani. Ta riƙa ɗaukar kowane ɗaya na wasu daƙiƙoƙi, cikin natsuwa, tana ƙoƙarin tuno yadda ƙamshin yake a dā. Ba kowa yake warkewa sarai ba, amma hanyar ba ta da illa.

Kafin nan dai, ku kai ta likita ya leƙa cikin hancin, domin kumburi ko tsiro na iya toshe hanyar iska, kuma waɗannan suna da magani. A kuma gaya masa batun rage hirar, kada a bar shi a matsayin halin tsufa. Rashin jin ƙamshin da ya biyo bayan mura daban yake da wanda ke lallaɓowa a hankali ba tare da dalili ba; wannan na biyun yakan riga cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki da cutar mantuwa ta Alzheimer bayyana da shekaru. Wani bincike na Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2014, a kan mutane kimanin 3,000 masu shekara 57 zuwa 85, ya tarar cewa kashi 39 cikin 100 na waɗanda suka faɗi gwajin gane ƙamshi sun rasu cikin shekara biyar, idan aka kwatanta da kashi 10 na masu lafiyayyen hanci. Hancin ba shi ne ya yi ajalinsu ba, alama ce ya bayar ta halin da sauran jiki ke ciki.

Bilkisu:

Na gode ƙwarai, Likita, Allah ya saka da alheri. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in sayo mata irin man ƙamshin da ake tallatawa cewa yana kwantar da hankali yana kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Shin da amfani?

Dakta Hadiza:

Idan don horon da na bayyana ne, irin waɗannan mayuka suna da amfani, domin ƙamshinsu yana da ƙarfi kuma yana daɗewa a cikin rufaffiyar kwalba. Amma alƙawuran da masu talla ke yi sun zarce abin da aka tabbatar. A 2008 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio sun gwada man lemon tsami da na wani fure mai suna lafanda a kan mutane masu lafiya. Na lemon ya ɗan faranta musu rai, na lafanda bai bambanta da ruwa ba ta wannan fuska, kuma babu wanda ya rage zafin ciwo ko ya gaggauta warkewar fata a cikinsu. Kada a sha su, kada kuma a ɗiga su cikin hanci.

Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne tsaron gida. Iskar gas ta girki ba ta da wari mai ƙarfi a asalinta, da gangan ake zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don a gane idan tana yoyo, kuma jihar Texas da ke Amurka ta mayar da hakan doka bayan fashewar wata makaranta a garin New London a 1937, inda kusan mutum 300 suka mutu. Mama ba za ta ji wannan gargaɗi ba a yanzu, haka ma hayaƙi da abincin da ya lalace. Ku sa na'urar gano hayaƙi da ta gas a ɗakin girki, wani ya riƙa duba mata abin da ya kwana kafin ta ci, kuma a tabbatar an rufe tukunyar gas kowane dare kafin a kwanta.