Kaskar ruwa daga Kubanni: ƙaramin jinsi ce ko kuskuren awo?

Bilkisu, Samaru:
Salamu alaikum malamai. Akwai kaskar ruwa 'yan rukunin Limnesia guda 14 da aka kamo a ciyayin bakin tafkin Kubanni da koma mai ido maikiron 250. Biyar daga ciki gaɓa ta huɗu ta hannun bakinsu ta fi ta sauran gajarta, kuma wannan bambancin kaɗai tsohon bayani ya dogara da shi ya ware ƙaramin jinsi. In saka musu sunan ƙaramin jinsin?

Malam Idi:
Dakata tukuna, Malama. A me aka ajiye su? Idan sifirit ne, jikin yana ƙandarewa ya motse, awo ya tashi banza. Ruwan Koenike ake so: gilisarin kashi 5, asid ɗin asetik tsantsa kashi 2, ruwa kashi 3. Sannan hannun bakin sai an cire shi an kwantar da shi a gefe ɗaya cikin jelin gilisarin. In ya ɗan karkace ƙarƙashin murfin gilashi, gaɓar za ta fito gajera alhali lafiyarta ƙalau. Murfin ma in ya danne da yawa yana baje gaɓa ta biyu, lissafin tsawo da faɗi ya lalace. Sake kwantar da biyar ɗin, ki auna ta gefen baya, kowace sau uku.

Dakta Hauwa:
Ƙari kan na Malam Idi: ƙirga asetabula, 'yan ƙananan da'irorin da ke gefen al'aura. Baligar Limnesia galibi uku-uku gare ta a kowane gefe, wadda ba ta balaga ba biyu-biyu. Ki kuma ware maza da mata kafin kwatance, don girmansu ba ɗaya ba ne.

Bilkisu, Samaru:
Duk baligai ne, Dakta, kuma kwalba ɗaya, rana ɗaya.

Dakta Hauwa:
To nan gizo ke saƙar. Ƙananan jinsi biyu na uwa ɗaya ba sa zama kududdufi guda suna hayayyafa kowa da kamarsa. Rabuwar ƙasa ce ke haifar da su. Ko dai jinsi biyu ne cikakku, ko bambancin 'yan gida ɗaya. Jera awon 14 ɗin daga ƙarami zuwa babba. In babu giɓi a tsakiya, zancen ya mutu. Samo wasu daga kogin Galma ki haɗa.

Malam Garba, Tudun Wada:
A duba shekarar sunan ma. A dokar sunayen dabbobi ta duniya, abin da aka wallafa da lakabin "var." ko "forma" kafin 1961 ana ɗaukarsa ƙaramin jinsi, sai in marubucin ya nuna ƙasa da haka yake nufi, bayan 1960 ba shi da wannan matsayi. In za a yi gwajin COI, wato yankin DNA da ake tantance jinsi da shi, a raba kamun tun a bakin ruwa, rabi cikin itanol kashi 96, domin asid ɗin Koenike yana ɓata DNA. Kafin sakamako, rubuta "cf." (alamar ba a tabbatar ba tukuna) gaban sunan a kan lakabin gilashin.