Ma'aikatun ne suka haɗa kai, ko kwamfutocinsu?

Direban Jidda: Salamu alaikum. Ni dai na ce ma'aikatun Saudiyya sun gama haɗa kai. A da sabunta igama, wato takardar izinin zama, sai an ɗauki mu'aƙƙib, ɗan aiken da ke bin takardu a ofisoshi, ya yi ta zarya da fayil tsakanin ofishin ƙwadago da Jawazat, hukumar fasfo. Yau kafili yana zaune a shagonsa zai kammala ta intanet a shafin Absher ko Muqeem.

Hajiyar Makka: Wa alaikumus salam. Malam, kwamfutocinsu ne suka haɗu. Wajen karɓar kuɗi kam bakinsu ɗaya: babu inshorar lafiya, igama ba ta fita. Kyamarar Saher mai kama masu karya dokar tuƙi ta ɗauke ka, sai ka biya tara kafin a ba ka bizar fita da dawowa. To bari kuskure ya shigo! An rubuta sunan ɗana da harafi ɗaya daban a wani ofis. Wannan taga ta ce ba daga nan ba ne, waccan ta ce a koma inda aka fara, kowa yana juyo mini da allo wai "ga shi, tsarin ne ya ƙi".

Direban Jidda: Hajiya, wannan ai tsautsayi ne.

Hajiyar Makka: Tsautsayin ne ma'auni, ƙanena. Ranar da komai ke daidai wa ke neman haɗin kan wani?

Kawu na Madina: Ku bi a hankali. Ku dubi shirin Hanyar Makka. Alhajin Malesiya ko Indunisiya ana ɗaukar zanen yatsunsa, a buga masa fasfo tun a filin jirgin ƙasarsu, jakarsa ta wuce kai tsaye masauki. Ma'aikatar cikin gida, ta Hajji da Umra, ta lafiya, kwastan da hukumar kula da bayanai ta SDAIA da aka kafa a 2019 duk suna ciki. Manhaja kaɗai ba ta ɗaga jaka.

Ɗalibin Jami'a: Kawu, misalin nan Hajiya ya taimaka wa. Ya yi aiki ne don akwai jagora ɗaya, ma'aikatar cikin gida, ga kuma ranar Arfa da ba ta jiran kowa. Fayil ɗin ɗan Hajiya wa ke jagorantarsa?

Kawu na Madina: Yaro, ka iya kama magana. Amma ban yarda an ce ba a yi komai ba.

Hajiyar Makka: Ban ce ba, Yaya. Ofis ɗaya nake so da zai ce "bar shi a hannuna", ya kira ɗayan da kansa.

Direban Jidda: An gyara sunan dai?

Hajiyar Makka: An gyara. Mu'aƙƙib na ɗauka.