Hafsoshin da suka tafi Biyafara: gudu suka yi, kuma an yafe musu duka?

Aminu, Dilimi: Ni dai a ganina hafsan da ya bar bataliyarsa ya bi Ojukwu, jagoran Biyafara, gudu ya yi. Kuma Gowon ya yafe musu a 1970, kowa ya koma bakin aikinsa. Me za a tono?

Baba Audu, Rukuba: Ɗana, ba haka aka yi ba. Bayan juyin mulkin Yulin 1966, da aka karkashe hafsoshin Ibo a barikoki, shugabanni ne suka amince a watan Agusta a mayar da sojoji yankunansu. Da yawa da izini suka shiga jirgin ƙasa zuwa Inugu. Yaƙi bai ɓarke ba sai Yulin 1967.

Aminu: Baba, izinin komawa gida daban, juya wa ƙasa bindiga daban.

Baba Audu: Na yarda. Amma wanda ya tsira da ransa daga bariki, ba zan kira shi matsoraci ba.

Hajiya Ladi, Tudun Wada: Batun yafiyar ne ban yarda ba. An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Adeyinka Adebayo. Wasu aka mayar da su aiki, wasu aka sallama, wasu aka kora, wasu suka zauna a tsare har 1974. Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, da ya miƙa wuya a madadin Biyafara a Barikin Dodan da ke Legas ranar 15 ga Janairun 1970, korarsa aka yi. Sai a 2000 Obasanjo ya mayar da korar tasu ritaya. Shekara 30 ba fansho!

Malam Bala, Bukuru: Wasu ma ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Banjo da Ifeajuna, hafsoshi ne a rundunar Biyafara, kuma Biyafara ce ta harbe su a Inugu a Satumban 1967. Shi Ojukwu, Shagari ya yafe masa a 1982.

Hajiya Ladi: Waɗannan manya ne, tarihi ya riƙe su. Ni ƙananan ne ke damuna. Maƙwabcinmu, laftanar, ya bar wa mahaifina akwatinsa a 1966, ya ce zai dawo. Har mahaifina ya rasu yana ajiye da amanar. Yanzu tana hannuna.

Aminu: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma dai soja rantsuwa ya yi.

Baba Audu: Ladi, duba cikin akwatin ko akwai lambarsa ta soja. Da ita ake fara cigiya.