Tanti ya gagare ni kafawa, ga shi na yi wa yara alkawari

Baban Khalifa, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi min dariya, wadda uwargida ta yi jiya ta ishe ni. Na sayi tanti a wajen wani mai gwanjo, irin wanda idan ya tsaya kamar an kife ƙwarya, a jikin jakarsa an rubuta na mutum 8. Niyyata idan an yi hutun makaranta mu je bakin tekun Tarkwa Bay a nan Legas mu kwana ɗaya, ni da ita da yara huɗu. Jiya bayan la'asar na ce bari in gwada a filin bayan gida. Babu takardar bayani a ciki. Sanduna ne dogaye biyu da gajera ɗaya, duk gaɓa-gaɓa da roba a cikinsu, sai wani ƙyalle daban, sai turakun ƙarfe sirara kamar tsinken tsire. Na zura sanda ina ja, ta rabu a cikin aljihunta. In na ɗaga nan, can ya kwanta. Ƙarshe dai na ji ƙas, gaɓa ɗaya ta tsage, har aka kira magariba tanti yana ƙasa. Ta ina ake farawa? Kuma sandar tana gyaruwa?

Mai Kanofi, Idi-Araba: Wa'alaikumus salam Yaya. Ai kai kaɗai ka tunkare shi, nan matsalar take. Mai girman nan aikin mutum biyu ne, uku ma ya fi. Ka fara share wurin, ka shimfiɗa shi, ka rufe duk zif ɗinsa, sannan ka kafe kusurwa huɗun da turke tun sanda ba ta shiga ba. Idan ka kafa da zif a buɗe, za ka ja shi fiye da ƙima, ƙofa ta ƙi rufuwa daga baya.

Sandunan kuma turawa ake yi, ba a ja. Robar ciki ba ta da ƙarfin riƙe su, kana ja gaɓoɓin za su rabu. Ka haɗa kowace gaɓa ta shige ƙarfen mahaɗarta har ƙarshe, domin wadda ta shiga rabi ita ce ke tsagewa da zarar an lanƙwasa, ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Dogayen biyu su gitta juna daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka zura dukansu tukuna tanti yana kwance. Sai Khalifa ya shiga ciki ya tallafo tsakiya da hannu, ku kuma a waje kuna lanƙwasawa a hankali kuna sa bakin sanda a ƙusar da ke jikin zoben kusurwa. Ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Ƙyallen da ka gani daban shi ne rufin ruwan sama, shi ake ɗorawa ƙarshe a ja igiyoyinsa. Gajerar sandar ta rumfar bakin ƙofa ce.

Tsagaggiyar gaɓa kuwa, kada ka taɓa ta da hannu haka nan, zaren gilashi ne, yana shiga fata kamar ƙaiƙayi. Ka naɗe ta tam da tef ɗin masu wayarin, ka nemi guntun bututun alminiyam da ya ɗan fi ta faɗi ka zura a kai, ka ƙara naɗewa. Zai kai ka ya dawo da kai.

Ɗan Mile 12: Oga ka kama ɗaki kawai ka huta. Mu da muka gudo daga bukka, kai kuma kuɗi ka sa ka saye ta.

Baban Khalifa, Agege: Ɗan Mile 12, yaran ne suka gani a waya suka addabe ni. Alkawari kaya ne.

Maman Iman: Baban Khalifa, turakun nan naka na ƙasa mai tauri ne, a yashi ko yaro zai zare su da yatsa biyu. Mun taɓa kwana a bakin teku wajen Lekki, iskar yamma ta taso, da idona na ga tantin wasu yana gangarawa kamar leda. Iskar daga teku take zuwa, saboda haka a juya mata baya, ƙofa ta kalli tudu. Ka tafi da buhunan shinkafa marasa komai kamar takwas. A cika da yashi, a ɗaure igiyar a wuyan buhu, a haƙa rami kamar kamu ɗaya a binne, a tattake. Ba nauyi a jirgi, tunda Tarkwa Bay sai ta ruwa ake zuwa.

Kuma ka duba inda ruwa ya bar shara da jiƙaƙƙen yashi, ka wuce can sama sosai. Teku sau biyu take cikowa a kwana ɗaya, inda kuka sha iska da rana yana iya zama cikin ruwa da tsakar dare. Ka tambayi mutanen wurin inda aka yarda a kafa.

Batun mutum 8 ɗin nan ma, lissafin kwanciya ne kafaɗa da kafaɗa kamar kifin gwangwani, babu jaka babu kular abinci. Ku shida da kayanku daidai ne, kada a gayyato kowa.

Baban Khalifa, Agege: Hajiya na gode. Ina da tamfol babba, in shimfiɗa a ƙasa?

Mai Kanofi, Idi-Araba: Shimfiɗa, amma ka naɗe bakinta kada ta leƙo waje ko kaɗan. In ta leƙo, ruwan da ya zubo daga rufi a kanta zai taru ya bi ƙarƙashinku. Yaushe ne tafiyar? In Yuni ko Yuli ne ka haƙura, ka san ruwan Legas. Cikin Agusta yakan ɗan tsagaita, Disamba kuwa ya fi kowane.

Alhaji na Obalende: Duk sun faɗi gaskiya, abu ɗaya zan ƙara ɗana. Wuta kada ta shiga ciki. Ba kurfoti, ba risho, ba maganin sauro na kunnawa. Yadin nan narkewa yake yi ya manne a jiki. Hayaƙin gawayi kuma a rufaffen wuri yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba, haka na janareta. Mu da muka san gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci alhazai sama da 300, ba ma wasa da wuta kusa da tanti, bayanta ne aka sauya su da waɗanda wuta ba ta kamawa. A yi girki can nesa. Ragar tagogin ta isa maganin sauro, a bar ta a rufe, a ɗage yadin da ke kanta iska ta shiga, in ba haka ba numfashinku zai zama raɓa ya riƙa ɗigo muku da asuba.

Maman Iman: Kuma idan an dawo a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a naɗe, a goge ƙarafan da ruwan famfo saboda gishiri. Namu fumfuna ce ta cinye shi.

Baban Khalifa, Agege: Alhamdu lillahi, yau da safe ya tsaya, ni da Khalifa da maƙwabcina, cikin minti 40. Ashe jiya har rufin na sa a baibai. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Alhaji na ji, kurfoti a gida zai zauna. Mun ɗage sai Disamba. Yanzu yaran sun shige ciki sun ƙi fitowa. Mai Kanofi, saura ɗaya: yaya ake naɗe shi ya koma jakarsa? Don yadda na ga girmansa ban ga alama ba.